Cinikin Ragon Jan Zare

A shekarar da Hamagabdo ya rasu, Goggo Patu ta rasa abu biyu, ta samu ɗaya. Ta rasa mijin da suka yi shekara talatin da ɗaya tare. Ta rasa rumfar abincinta da ke bakin kasuwar shanu, domin da sunansa aka yanki wurin, ƙannensa kuma sun san hanyar ofis, ita ba ta sani ba. Abin da ta samu shi ne aikin dare a asibitin dabbobi na Madam Ngono, can bayan layin dogo: shara, wanke keji, riƙe dabba idan za a yi mata allura. Har da karnuka.

Zancen karnukan nan ne ba ta taɓa bari ya fita daga bakinta ba. Unguwa ta san tana aikin dare a asibiti, ita kuwa ta bar su suka ɗauka na haihuwa ne. Mace ce da duk Ngawundare aka san ba a cin ribarta. Ko allura za ta saya sai an rage mata, in an rage kuma ta tsaya ƙyam sai an yi mata gyara. Mahauta in sun hango ta tafe sukan ce da juna, "Ku ɓoye hanta, ga matar Hamagabdo nan." Irin wannan mace a ce tana kwashe kashin kare da daddare? Gara a ce mata ta mutu.

Ranar wata Talata ce, tsakiyar damina. Ta yi sallar magariba ta fito, kwanon tuwon masara a ƙulle cikin ɗankwali, jirgin ƙasan Yawunde yana busar tashi. An yi ruwa da la'asar, hanya duk jar laka, ganyen mangwaro yana ɗiga. Da ta iso sai ta tarar da mota a ƙofar asibitin, yara biyu a kujerar baya suna kuka kamar an yi musu mutuwa.

A kan teburin ƙarfe rago ne kwance. Fari sol, ƙato, wuya ya yi kitse har ya naɗe. Babur ya buge shi ya karya masa baya. Idonsa biyu, yana numfashi, ƙafafun baya ne kawai ba sa motsi.

"Madam, wannan ai wuƙa yake so," in ji Patu tun kafin ta ajiye kwano. "Yanzu-yanzu, tun da ransa."

Mai ragon, wani ma'aikacin kwastan mutumin kudu, ya girgiza kai. Yaransa ne suka rene shi da kwalbar madara, a ƙofar ɗakinsu yake kwana, har suna gare shi. Ba za a ci shi ba. A yi masa allura ya tafi ba tare da wahala ba.

"Har suna gare shi," Patu ta ce ƙasa-ƙasa. "Sai ku shirya sadakar uku."

"Mama Patu," in ji Madam, ko ɗagowa ba ta yi ba, "riƙe min kansa."

Ta riƙe. Tana jin ɗumin kitsen a tafin hannunta har numfashin ya tsaya. Madam ta jawo jan zare ta ɗaura masa a ƙafar gaba.

Zaren nan saboda Patu aka fito da shi. Ma'aikatan rana takardar da ake liƙawa suke karantawa, ita kuwa iyakar karatunta ta gane sunanta in ta gan shi. Tun ranar farko Madam ta zaunar da ita ta ce: duk dabbar da kika gani da jan zare, allura ce ta kashe ta. A ɗakin sanyi za ta kwana, da safe a haƙa rami a zuba mata farar ƙasa a rufe. Maganin ba ya barin nama, ko an dafa ko an gasa. Babba in ya ci, barci zai kwashe shi, watakila ya farka. Yaro ba zai farka ba.

Suka ja ragon zuwa ɗakin sanyi su biyu. Wajen ƙarfe takwas waya ta yi ƙara, saniya ce ta kasa haihuwa a wani garke kan hanyar Maiganga. Madam ta kwashi kayan aiki.

"Sai asuba, in ma na samu dawowa. Kada ki buɗe wa kowa. In an kawo dabba, ki kira ni. Ki riƙa duba ruwan karen can kada ya ƙare."

"To Madam. Allah ya sauke ta lafiya."

Ƙarar motar ta ɓace. Patu ta yi shara, ta wanke keji huɗu, ta ci tuwonta. Sau uku tana wucewa ta gaban ɗakin sanyi. A na huɗu ta buɗe.

Shekara talatin tana sayen nama, ba ta bukatar sikeli. Ta dubi ragon nan ta ga tsiren kwana biyu, ta ga kitse, ta ga kayan ciki, ta ga fata, duka gobe a rami. Ta ce a ranta, masu boko ba abin da ba sa tsoro. Ɗan ruwan da bai cika cokali biyu ba, a jikin da ya kusa buhu nauyi? Wane magani ne wuta ba ta ci?

Ta kwance zaren ta ƙulle a bakin zanenta.

Ba mai tsiren da zai karɓi rago ba yanka a wuya. Ta ɗauko wuƙar da take yanka wa karnuka nama, ta juya shi ya dubi gabas don sabo, ta ɗora wuƙa. Ta buɗe baki za ta yi bisimilla, sai ta rufe. Ita kanta ta ji nauyin jawo sunan Allah cikin wannan aiki. Ta yanka shiru.

Jinin bai yi tsartuwa ba. Ya dai gangaro a hankali, baƙi, mai kauri, ya tsaya.

Ta cire cinya ɗaya ta feɗe, ta sa a roba ta rufe da leda, ta kira Hamajam mai tsiren tashar motoci ya same ta a mararrabar layin dogo. Ya zo a babur, yana haska naman da fitilar waya, yana danna shi da yatsa.

"Goggo, ina kika samo wannan? Ko yau rago aka haifa a asibitin naku?"

"Kama bakinka. Babur ne ya buge shi, aka yanka da ransa, mai shi ba ya son ko ganinsa. Sauran yana ɗakin sanyin asibitin dabbobi. Mai gadin ɗan ƙanwata ne."

Ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara, ta ɗauki robarta kamar za ta tafi. Ya rantse ba riba a ciki, ta ce to ya bar wa masu neman asara. Sai da ya hau inda take so, sannan ta tuna masa fata ba ta cikin lissafi.

"Wallahi Goggo, ranar da mala'ikan mutuwa ya zo miki sai kin nemi ragi."

"Zai rage kuwa."

Ya ce naman yau yana kan wuta, wannan sai motocin Garwa sun fara shigowa bayan tsakar dare zai ɗora shi. Sauran kuma zai turo mutum ya ɗauka kafin asuba, ta ƙofar baya.

Ta koma tana jin daɗin cinikin. Har 'yar waƙa ta yi a hanya.

Sha biyu ta wuce. Ruwa ya dawo, yayyafi mai sanyi, yana taɓa kwanon rufi kamar ana watsa gero. Tana zaune a benci cikin bargo, kusa da karen da ake yi wa ƙarin ruwa. Asibitin nan ba ya taɓa yin shiru. In wannan bai yi haushi ba wancan zai yi nishi, kyanwa na yaƙushin keji, injin ɗakin sanyi yana gurnani dare da rana har kunne ya daina jinsa.

Injin ne ya fara tsayawa.

Ta ɗaga kai. Fitila tana ci, ba a ɗauke wuta ba.

Sai ta lura da karnukan. Su biyar, kowanne ya cusa hanci a kusurwar kejinsa, ya juya wa ƙofar baya ƙeya. Ba mai haushi. Ba mai motsa wutsiya. Na ƙarin ruwan yana rawar jiki har robar ruwan tana kaɗawa.

Wani wari ya shigo. Warin garke bayan ruwa, jiƙaƙƙen gashi da kashin shanu, da wani abu kamar tokar da ta kwana.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Da sanda aka buga, a hankali, can ƙasan ƙofa.

Ta ce a ranta mutumin Hamajam ne ya yi sammako. Ƙofar baya ta ƙarfe ce, da 'yar taga mai raga daidai fuska. Ta zame murfin.

Dogo ne. Sai da ya sunkuya kafin malfarsa ta zo daidai tagar. Ya gicciya sanda a kafaɗa irin ta makiyaya, hannaye a rataye a kanta. Fuskar tana cikin inuwar malfa.

"Sannu da dare, matar Hamagabdo."

Bai yi sallama ba. Muryar kamar ana magana cikin tulu.

"Hamajam ne ya turo ka?"

"Na zo kan ragon."

"An riga an gama ciniki, malam. Ɗauka kawai za ka yi."

"Da ni ba a gama ba. Dubu ɗari biyu."

Kuɗin ya ninka na Hamajam sau biyar. Amma bakin da ya shekara talatin bai karɓi tayin farko ba bai jira ta ba.

"Albarka."

A bayanta, cikin ɗakin sanyi, wani abu ya goga a siminti.

Kamar kofato.

"Madalla," in ji mutumin, kamar wanda ya ji daɗi. "An buɗe ciniki ke nan. To, rumfarki ta bakin kasuwar shanu. Ranar Juma'a ƙannen mijinki za su kawo miki makulli da hannunsu, suna ba ki haƙuri a gaban mahauta."

Nan ta dubi ƙasa ta cikin ragar. Ruwa yana sauka ko'ina, ban da inda yake tsaye. Ƙasar wurin a bushe take ƙamas.

Ta nemi addu'a a bakinta, ba ko ɗaya.

"Wane ne kai?"

"Mai ragon. Kin yanka, ba ki kira sunan kowa ba. Abin da aka zubar wa jini ba suna, namu ne, haka yake tun kafin a kafa garin nan. Da ɗauka kawai zan yi in tafi. Amma kin raba shi, kin fitar da cinya." Ya ƙara matsowa, ragar ta yi gumi. "Inda cinyar ta shiga, nan nake bi. Duk cikin da ta shiga, shi nake saya a wurinki. Ki ce kin sallama, ki koma bencinki. Ba wanda zai sani. Matafiya ne, a mota za su yi barcinsu."

Abin da ya biyo baya shi ne Goggo Patu ba ta taɓa yafe wa kanta ba. Ba ta yi ihu ba. Ba ta nemi tsari ba. Rumfar ta gani, da tukwanenta a jere, da matan ƙannen mijinta sun sunkuyar da kai. Ta ji bakinta ya ce:

"Mutum nawa?"

Ya yi dariya ba sauti, malfar ce kawai ta girgiza.

"Tara. Huɗu ba su kai shekara goma ba."

Ƙwas.

Wannan daga ciki ne.

Taku uku, a tsaya. Taku uku, a tsaya.

Ba ta waiwaya ba. Ta ji ƙofar ɗakin sanyi ta yi ƙara, sanyi ya lasar mata dunduniya.

"Ban sayar ba," ta ce. "Ban sayar ba! Zan dawo maka da cinyarka."

"Duka?"

"Duka."

"Kafin ladan ya buɗe baki. In babu, in cike da taki cinyar."

Ya sauke sandar ya nuna ƙafarta ta hagu. Ga ƙofar ƙarfe tsakaninsu, amma ta ji kamar an ɗora mata ƙanƙara a cinya.

Ƙofar gaba ce mafita, kuma dole ta wuce ta gaban ɗakin sanyi. Ta ja mayafi ta rufe ido. Ta ƙasan mayafin ta gani.

Farin gashi. Kofato uku.

Wuya a buɗe, yana jan iska yana saki. Fuu. Fuu.

Ta ruga.

Takalminta ɗaya ya maƙale a laka tun kafin ta tsallake layin dogo, ta watsar da ɗayan. Mace mai jikoki, ba takalmi, tana gudu cikin ruwa, tana faɗuwa tana tashi.

Motar Garwa ta farko ta riga ta shigo. Tasha cike da fasinjoji, ga masu shayi, ga mata masu tuyar makala, fanken garin, a ƙarƙashin rumfar kwano, hayaƙin tsire ya tokare ko'ina. Hamajam yana naɗe nama a takarda, ja da yaji, wata mata mai goyo tana miƙa masa kuɗi. 'Yarta ƙarama tana riƙe da zanenta, ta riga ta miƙa hannu.

Patu ta doke takardar. Nama ya watse a laka.

"Goggo! Hauka kike yi?"

"Nawa ne wannan? Ka sayar wa wani?"

"Yanzu na ɗora shi, wannan ne na farko. Mene ne?"

Ta ja hannun rigarsa ta yi masa raɗa: kwashe ka ba ni, ga kuɗinka. Hamajam ya ga jama'a sun zubo ido, ya ga an zubar masa da kaya a gaban masu saye, sai ya ɗaga murya.

"A'a, ba zancen raɗa. A gaban mutane kika zubar, a gaban mutane za ki faɗa. Me ya samu namana? In kin samu wanda ya fi ni tayi ne, ki ce. Ai an san ki."

Aka yi dariya. Ajja Dudu mai makala, maƙwabciyarta katanga ɗaya, ta taso da cokalin tuya a hannu.

"Patu? Ke ce haka? Wa kika bar wa masu naƙuda?"

Patu ta dubi sama, ba ta san ƙarfe nawa ba. Cinyarta ta hagu ta fara mutuwa, ta mintsine ta ba ta ji ba.

Sai ta faɗa. Da muryar da take kiran masu cin abinci a kasuwar shanu ta faɗa, wadda ake ji daga wannan baki zuwa wancan. Mushe ne. Allurar kisa aka yi masa. Ita ta yanka shi bayan ya mutu, da hannunta, ta yi wa Hamajam ƙarya. Ba wani ɗan ƙanwa, ba wani asibitin haihuwa. A asibitin dabbobi take aiki, wata goma sha ɗaya ke nan, kashin karnuka take kwashewa.

Tasha ta yi tsit, sai kitse yana ɗiga a garwashi.

"Tsohuwar nan ba ta da lafiya," in ji wani direba.

Hamajam ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin teburinsa. Akwai wata jar karya ta tasha da yake jefa wa jijiya in yana gyaran nama. Tana kwance, harshe a waje. Ya taɓa ta da ƙafa. Ya sake taɓawa da ƙarfi. Kanta ne kawai ya gangara gefe.

Matar mai goyo ta fizge 'yarta ta rungume, ta juyo ta tofa wa Patu yawu. A mayafi ya same ta. Ba ta goge ba.

Hamajam ya kwashe tsinkunan daga wuta ya zuba mata a roba, ya haɗa da ɗanyen da ya rage da ƙashin, bai dubi fuskarta ba. Ta ajiye masa kuɗinsa a kan tebur. Ta durƙusa a laka tana tsintar wanda ta zubar ɗaya-ɗaya, ƙafafun mutane sun yi mata zobe. Da ta gama ta sa tafin hannu a haƙarƙarin karyar yadda Madam ta koya mata. Tana numfashi, kaɗan-kaɗan. Ta kwance mayafinta ta goya ta.

"La'ilaha illallahu," in ji Ajja Dudu. "Ku dubi yadda hannun ya saba."

"Ga jaririn asibitin haihuwar nan an sallamo shi," wani ya ce daga baya. Wannan karon ba mutum da yawa suka yi dariya ba.

Ta juya. Roba a ka, karya a baya, tana jan ƙafa ɗaya.

Hanyar ta yi mata tsawo. Yayyafi bai tsaya ba. Da ta tsallake layin dogo kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya.

Ta zagaya ta baya.

Yana nan inda ta bar shi. Ragon yana tsaye kusa da shi, a waje, alhali ƙofar ƙarfe a kulle take.

Ta ajiye robar a bakin busasshiyar ƙasar, ta ja da baya.

Ya miƙo hannu. Yatsun sun yi tsawo, gaɓoɓinsu sun yi yawa. Ya ɗaga robar yana auna ta kamar mahauci.

"Ya ragu."

"Karya ce ta ci 'yar jijiya. Wuta ta sha kitse. Ba mutum ko ɗaya da ya kai baki."

"Duka kika ce."

"Haba malam, abin da ya ragu bai kai loma uku ba. Ai ka duba..."

Ragon ya tako.

Taku uku.

Ta ji iskar wuyansa a gwiwarta, sanyi ƙalau, da warin magani.

Can nesa lasifikar masallaci ta yi ƙara. Ladan ne yake hura ta kafin ya fara.

"Ke da ba kya barin kasuwa ba gyara," in ji shi. "Ƙafar, ko gyara. Zaɓi."

"Mene ne gyaran?"

Ya sunkuyo. Malfar ta rufe mata sama.

Ta ga abin da ke ƙarƙashinta. Wannan har yau ba ta bayyana wa kowa ba.

Ya yi mata magana a kunne, 'yan kalmomi.

Ba ta ce albarka ba.

"Na sallama."

Ladan ya yi kabbara.

Ruwa ya sauka a inda yake tsaye. Ba mutum, ba rago, ba roba. A ciki karnuka biyar suka ɓarke da haushi lokaci ɗaya, injin ɗakin sanyi ya tashi.

Ƙarfe bakwai Madam Ngono ta dawo ta same ta zaune a laka jikin ƙofar baya, da karya a goye. Karyar ta fara karɓa, ta sa mata ruwa, sannan ta juyo. Patu ta kwance bakin zane ta ajiye jan zaren a kan tebur, ta ba ta labari tun daga wuƙa har kabbarar ladan. Tambayar nan da ta yi ta cikin raga ta tsallake, abin da ya raɗa mata a kunne kuma ba ta maimaita ba.

Madam ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce da an ci naman nan, da su biyun a kurkuku za su tsufa. Zancen mai malfa kuwa ta ce tsoro ne da rashin barci, ragon wani ne ya sace. Ba ta kore ta ba, don ba mai son aikin dare, amma ta ce za ta yanke mata rabin albashi wata uku. Ta faɗi rabi ne don ta san za a ja, a tsaya a kwata.

"To," in ji Patu.

Madam ta tsaya tana kallonta.

Karyar ta farka a rana ta uku, ta ƙi komawa tasha. Ƙafar Patu ta dawo, sai dai in hadari ya haɗo takan yi mata sanyi. Yaran unguwa suka sa mata Goggon karnuka. Ajja Dudu tana amsa gaisuwarta, amma ta daina aiko mata da makala, in kuma sun haɗu a gidan suna sai a ba Patu kwanonta daban.

Kasuwa ce ta fi saurin ganewa. Mai tumatir ta faɗi kuɗi don wasa, ninki uku, tana jiran a fara. Leɓen Patu ya motsa, ya sake motsawa, ba abin da ya fito. Ta kwance ƙulli ta biya. Kafin mako ya zagayo, mahautan da suke ɓoye hanta su ne suke kiranta tun daga nesa, "Goggo, nan, nan, zo ki ga mai kyau!" Takan je. Takan biya, ta ɗauki ledarta ta wuce, kanta a ƙasa, tana jin dariyarsu a bayanta.

Wata rana da magariba, bayan damina ta wuce, Madam tana wanke hannu, Patu tana goge keji.

"Mama Patu, ni fa har yanzu ban yarda da mai malfar nan ba. Amma jiya na ga yadda kika sayi albasa. Me ya ce miki a kunne?"

Patu ta daɗe tana goge wurin da ya riga ya fita.

"Cewa ya yi daga ranar, duk wanda ya faɗa min kuɗin abu, na farkon da ya fito daga bakinsa shi ke nan. In saye nake, in biya. In sayarwa nake, in bayar. Ba albarka, ba ragi, ba gyara, har in mutu." Ta matse tsumman a bokiti. "A haka ya taya, Madam. A haka na sallama."